Kabejin da ke yaushi da rana: nazarin wani lambun gida da gyaran ƙasarsa

Lambun da wannan nazari ya shafa na yayata ne, yana bayan gidanta, a wani fili da bai wuce mita 8 a tsawo da mita 5 a faɗi ba, an kuma raba shi fangali huɗu. Shekara uku a jere tana dasa kabeji da farin kabeji a fangali guda, wanda ya fi kusa da famfo kuma ya fi sauran gangarowa, saboda a nan ban ruwa ya fi sauƙi. A shekarar farko ta yanki kawuna masu nauyi, a ta biyu suka ƙanƙance, a ta uku kuwa, mako biyar bayan dashe, sai shukar ta shiga wani hali da ya ɗaure mata kai. Da safe ganyen a miƙe yake, idan rana ta take sai ya yi laushi ya kwanta kamar wanda ya kwana biyu bai ga ruwa ba, da yamma kuma ya farfaɗo. Ganyen ƙasa ya soma komawa ruwan ɗorawa, girma ya tsaya cik, kuma babu ko ɗaya da ya nuna alamar naɗe kai.

Abin da ta yi shi ne abin da kusan kowane mai lambu zai yi. Da ta ga yaushi ta ƙara ruwa, daga sau ɗaya a rana zuwa sau biyu. Da ta ga ganye ya ɗashe ta ƙara takin yuriya. Ba na ganin laifinta a kan wannan, domin alamun da ido ke gani a saman ƙasa abin da suke nunawa ke nan. Sai dai daga baya ya bayyana cewa matakan nan biyu su ne suka fi taimaka wa cutar.

Ranar da na je duba lambun, ƙasar fangalin a jiƙe take sharkaf, har tana manne wa takalmi, amma shukar a kwance. Shukar da ke yaushi alhali saiwarta na cikin ruwa ba ƙishirwa ke damunta ba, hanyar shan ruwan ce ta lalace. Na ce mata, “Yaya, ki ba ni izini in tuge guda ɗaya mu ga ƙasansa.” Ta yi jim, sannan ta ce in zaɓi wanda ya fi lalacewa. Da na ɗago shi da shebur na wanke ƙasar, sai ga saiwar ta kumbura suntum, wasu sassan kamar yatsun hannu masu kauri, wasu kamar ƙananan dankali, ƙananan jijiyoyin nan farare masu kama da gashi, waɗanda su ne ainihin masu tsotso ruwa, kusan duk sun ɓace. Muka tuge wasu uku daga wurare daban-daban na fangalin, kowanne da irin wannan kumburi.

Ba kowane kumburi a saiwa ne cuta ɗaya ba, don haka muka yi bincike biyu kafin mu yanke hukunci. Na yanka kumburin da wuƙa: cikinsa fari ne, a cike, babu kogo kuma babu tsutsa, wanda ya kawar da zaton ƙwaron da ke yin ƙwai a cikin saiwa. Sannan muka tuge tumatir guda daga fangalin da ke maƙwabtaka. Da a ce ƙananan tsutsotsin ƙasa ne masu sa saiwa ƙulle-ƙulle kamar dutsen ado, da tumatir ya riga kabeji kamuwa, domin yana cikin abin da suka fi so. Saiwar tumatir ɗin lafiyarta ƙalau. Abin da ya rage shi ne ciwon kumburin saiwa na dangin kabeji.

Cutar da ƙasar da ta raine ta

Mai haddasa wannan ciwo wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, masana na kiranta Plasmodiophora brassicae. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Mikhail Woronin, shi ne ya bayyana ta a rubuce a shekarar 1878, bayan ta yi wa gonakin kabeji na kewayen birnin St. Petersburg mummunar ɓarna. Yadda take rayuwa shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya faru a lambun nan. Tana kwance a cikin ƙasa a matsayin ƙwayoyi masu kauri da ke jure fari da zafi, har sai saiwar wani ɗan dangin kabeji ta zo kusa. A lokacin sai su ƙyanƙyashe wasu ƙananan ƙwayoyi masu iyo, waɗanda ke bin ruwan da ke tsakanin ƙasa har su shiga gashin saiwa, daga nan su kutsa cikin naman saiwar su tilasta wa ƙwayoyinta kumbura da rarrabuwa ba bisa ƙa'ida ba. Hanyoyin da ke kai ruwa sama sai su murɗe, shi ya sa shukar ke iya riƙe kanta da sanyin safiya amma ta gaza idan rana ta yi zafi. Idan kumburin ya ruɓe, sai ya zubar da miliyoyin sababbin ƙwayoyi a ƙasa, wasunsu kuma na iya rayuwa har kusan shekara 20. Abu uku take so: ƙasa mai jiƙa, mai tsami, mai ɗumi.

Da muka san haka sai tambayar ta koma kan ƙasar. Mun haƙa rami mai zurfin santimita 30, muka cika shi da ruwa ya tsotse, muka sake cikawa da yamma. Da gari ya waye akwai sauran ruwa kwance a ƙasansa. Wajen haƙar ma mun ci karo da wani shimfiɗaɗɗen tauri a zurfin kamar santimita 20, wanda shebur ke shiga da ƙyar, sakamakon yawan takawa da kuma yin kaftu kullum a zurfi ɗaya. Muka zuba ƙasar a kwalba da ruwa muka girgiza: yashi ya kwanta cikin minti ɗaya, ɗan kaɗan ne, laka kuwa ta bar ruwan a gurɓace har kwana biyu, kuma da ta kwanta ita ce mafi kauri.

Gwaji na uku shi ne na tsami, da takardar gwajin pH da ruwan sama mai tsabta. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14, lamba 7 ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza ta kuma tsami ne. Fangalin kabejin ya nuna kusan 5.5, fangalin da ya fi nisa da famfo kuma ya nuna kusan 6.5. Tazarar lamba ɗaya na iya zama ƙarama a ido, amma a wannan ma'auni tana nufin ninki goma, wato ƙasa biyu a gida ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu, ɗaya ta ninka ɗaya tsami sau goma. Dalilin bai ɓuya ba. Yuriya da takin da ke ɗauke da amoniya suna barin tsami a ƙasa yayin da ƙwayoyin ƙasa ke sarrafa su, yawan ban ruwa kuma yana wanke sinadarin kalsiyam da ke rage tsamin, kuma fangalin kabejin ne ya fi kowanne samun abubuwan nan biyu tsawon shekara uku.

Akwai wata shaida da ta zo daga bakin yayata ba tare da ta san muhimmancinta ba. Ta ce a shekara ta biyu ganyen farin kabejinta ya fito siriri, a murɗe kamar bulala, kan kuma bai yi kirki ba. Wannan sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin molibdinam, wanda ƙasa mai tsami ke riƙewa ta hana shuka samu. Ashe tun shekara guda kafin yaushin ƙasar ta riga ta nuna halin da take ciki. Game da shigowar cutar kuwa, tarihin lambun ya nuna hanya biyu da suka haɗu: dashen shekarar farko saye aka yi, da ƙasar wani wuri manne a saiwarsa, sannan bayan kowane girbi akan sassare kututturan a binne su a fangalin da niyyar su zama taki.

Shawarar da aka yanke

A nan muka ɗan sha bamban. Yayata ta so a nemo magani a zuba, in kuma bai samu ba a kwashe ƙasar fangalin a kawo sabuwa. Na nuna mata cewa babu wani maganin feshi da mai lambun gida zai zuba ya share wannan cuta daga ƙasa, kwashe ƙasar kuma yana nufin a ratsa lambun da ita a baro da bokiti, ana barbaɗa ƙwayoyin a duk inda aka bi. Abin da ke hannunmu shi ne mu hana cutar ƙaruwa inda take, mu hana ta tafiya inda ba ta je ba, mu kuma mai da ƙasar da za a dasa sabon kabeji ta zama wadda ba ta yi mata daɗi.

A ranar muka tuge duk abin da ke fangalin, kowace shuka da dunƙulen ƙasarta, tun kafin kumburin ya soma ruɓewa, muka busar muka ƙone. Ba a saka ko ɗaya a tulin taki ba, domin zafin tulin gida ba ya isa ya kashe irin waɗannan ƙwayoyi a ko'ina cikinsa. Wannan shi ne mataki mafi ɗaci a gare ta, kuma na fahimci hakan, tun da aikin wata biyu ne ta ga ana cinna wa wuta.

Sai kuma batun hutar da fangalin, wanda ke buƙatar sanin su wane ne dangin. Kabeji da farin kabeji da burokoli da kabeji mai sakakken ganye duk jinsi ɗaya ne, Brassica oleracea, mutane ne suka yi ta zaɓen iri har siffofinsu suka bambanta. Radish da tanif da mustad kuma 'yan gida ɗaya ne da su. Wanda ya cire kabeji ya dasa radish bai sauya komai ba a wurin wannan cuta. An keɓe fangalin ga albasa da wake da latas da karas na aƙalla shekara huɗu, tare da cire duk wata ciyawa da ta fito tun tana ƙarama, saboda akwai ciyayi 'yan wannan dangi da ke iya riƙe cutar. Shekara huɗu ba ta gama da ƙwayoyin, amma tana rage yawansu ƙwarai.

Gyaran sabon fangali

An zaɓi fangalin da ya fi nisa, wanda yake ta sama, inda ruwa ba ya gangarowa daga wurin da ya kamu. Aikin ya ɗauki kusan wata uku kafin a dasa komai, kuma jerin yadda aka yi shi yana da muhimmanci kamar kayan da aka zuba.

An fara da fasa taurin da ke ƙasa. An yi amfani da cokalin haƙa mai yatsu, ana soka shi har ƙarshensa ana girgizawa, ba tare da juyo ƙasar ƙasa zuwa sama ba, kuma an jira ranar da ƙasar ke da ɗan danshi kawai, domin laka idan aka taɓa ta tana jiƙe dunƙulewa take ta bushe kamar tubali. Sannan aka ɗaga fangalin sama da kamar santimita 20, aka taƙaita faɗinsa zuwa mita 1.2 don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ba. Yayata ta kawo shawarar a zuba yashi don ƙasar ta saki. Na hana, domin ɗan yashi a cikin laka mai yawa cike ƙofofin iska yake yi ya ƙara mata tauri, kuma yawan da zai sauya halinta ya fi ƙarfin lambun gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ke sakin laka shi ne ruɓaɓɓen taki, wanda ke haɗa ƙwayoyinta su zama gudaji masu barin ruwa da iska su wuce.

Daga nan sai garin farar ƙasa na noma, wato niƙaƙƙen dutse mai sinadarin kalsiyam. An barbaɗa kimanin giram 300 a kowace murabba'in mita, aka cuɗa shi da saman ƙasa, aka yi ban ruwa, aka bar shi. Ba ya aiki nan take, yana ɗaukar makonni har watanni, kuma ƙasar laka ta fi ta yashi buƙatarsa kafin lambarta ta motsa. Abin da ake nema shi ne a kai ma'aunin kusa da 7 ko ɗan sama da haka, inda ƙwayoyin cutar ke shan wahalar ƙyanƙyashewa. Ya kamata a faɗi wannan a fili: farar ƙasa ba ta kashe cutar, rage mata ƙarfi take yi. Wuce gona da iri ma yana da nasa haɗarin, domin ƙasar da ta rasa tsami gaba ɗaya tana riƙe boron da ƙarfe da manganis, ƙarancin boron kuma shi ke sa karan burokoli da na farin kabeji yin kogo, farin kan ya yi tabo mai ruwan ƙasa. Saboda haka aka sake gwaji bayan mako shida, aka ƙara rabin adadin farko kawai. Tokar itace ma tana rage tsami kuma tana da fotashiyam, amma tun da an riga an sa farar ƙasa sai aka bar ta, don kada a rasa sanin abin da ya motsa lambar.

Taki bai shiga ba sai bayan wata guda da zuba farar ƙasa ta ƙarshe. Idan aka haɗa su a lokaci ɗaya, musamman in takin dabbobi ne da bai gama ruɓewa ba, naitirojin ɗin da ake nema sai ya tashi a iska a matsayin amoniya, har hanci na iya jin warinsa. An shimfiɗa takin da ya ruɓe sarai, baƙi mai ƙamshin ƙasa, kaurin santimita 5, wanda babu ragowar kabeji a cikinsa, aka cuɗa shi sama-sama. Kafin dashe aka danna saman fangalin da bayan manjagara, saboda dangin kabeji sun fi son ƙasar da ta kama saiwa da kyau; a ƙasa mai taushi da yawa iska na girgiza su, kan ya fito sako-sako.

Wannan karon ba a sayi dashe ba. An shuka iri a ƙananan tukwane da cakuɗen reno mai tsabta wanda bai taɓa ƙasar lambun ba, aka bar su har mako shida, sun yi ganye biyar zuwa shida, saiwa ta cika tukunya. Hikimar ita ce shukar da ta shiga fili da saiwa mai yawa kuma lafiyayya, ko cutar ta same ta daga baya, ta riga ta yi nisan da za ta iya naɗe kai. An dasa kabeji 20 da farin kabeji 8 a farkon lokacin sanyi, tazarar santimita 45 tsakaninsu, an nutsa kowanne har zuwa ganyen farko. An keɓe wa fangalin shebur ɗinsa, sauran kayan aiki kuma ana wanke su tas bayan sun taɓa tsohon wurin. Ban ruwa ya koma mai zurfi sau biyu ko uku a mako, bayan an soka yatsa an ji ƙasar ta fara bushewa, aka kuma rufe saman da busasshiyar ciyawa mara iri. Kabeji shuka ce mai cin naitirojin sosai, don haka mako uku bayan dashe aka ba shi ɗan takin kalsiyam naitiret a gefe a madadin yuriya, domin shi ba ya ƙara tsami.

Kuskuren da na yi a wannan mataki shi ne hankalina ya tattara a kan ƙasa har na manta da sama. Mako na huɗu sai ga ganye da wasu tabo shara-shara kamar tagogi, inda aka cinye naman ganyen ta ƙasa aka bar fatar sama. A bayan ganyen akwai ƙananan tsutsotsi kore, tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ba, waɗanda in an taɓa su sukan yi mutsu-mutsu da baya su faɗo a rataye da zare. 'Ya'yan wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne, Plutella xylostella, wanda ya shahara da saurin sabawa da maganin ƙwari, har an ba da rahoton ya daina jin maganin DDT a tsibirin Jaba na Indunusiya tun 1953. Da an lulluɓe fangalin da raga mai ƙananan idanu tun ranar dashe, da uwar ba ta samu wurin yin ƙwai ba. Muka bi ganye ɗaya bayan ɗaya muna tsincewa, sannan aka fesa maganin Bt, wanda ake samu daga ƙwayar bakteriya Bacillus thuringiensis. Sai tsutsa ta ci shi yake aiki, ya fi kama ƙanana, hasken rana kuma yana lalata shi, shi ya sa aka riƙa fesawa da yamma a bayan ganye, sau uku, mako guda tsakani. Bayan nan ne aka sa ragar.

Abin da girbi ya nuna

Babu shukar da ta yi yaushin rana a duk tsawon lokacin. Cikin kabeji 20, guda 17 sun naɗe kai mai tauri. Uku daga cikinsu sun tsage, kuma dalilin a bayyane yake: an yi kusan mako guda ba a ba su ruwa ba saboda wata tafiya, aka dawo aka cika su da shi lokaci ɗaya, ganyen ciki ya yi saurin girma ya fasa na waje. Farin kabejin bai kai haka ba, rabi ne kawai ya yi kai mai kyau, sauran zafi ya riske su kafin su kammala, domin ya fi kabeji rashin haƙuri da zafi. Dangin gaba ɗaya sun fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Ganyen bulala bai sake fitowa ba. Tana, wato tsutsar ƙasa, ta soma bayyana a ƙarƙashin ciyawar da aka shimfiɗa, kuma ramin gwaji da aka sake haƙawa ya tsotse ruwansa kafin dare ya raba.

Bayan yankan kawunan ba mu bar kututture ko ɗaya a ƙasa ba. Mun tuge duka 28, muka wanke saiwoyin muka jera su a kan buhu muna dubawa. Guda 26 farare ne, cike da ƙananan jijiyoyi. Biyu kuwa suna da ƙananan kumburi a gefen saiwa, girman ƙwayar wake, kuma dukansu daga layin da ke bakin hanyar da ake bi zuwa famfo suke. Kawunansu ba su nuna komai ba, da ba a tuge su ba da babu wanda zai sani. Ma'anar wannan ita ce cutar ta iso sabon fangalin, a tafin takalmi, duk da wankin kayan aiki, amma ta tarar da ƙasar da ba ta bar ta ta yi ƙarfi ba. Takardar gwaji ta nuna kusan 6.8, wato har yanzu da ɗan saura kafin a kai inda ake so.

An ƙone kututturan nan biyu tare da ƙasar da ke jikinsu, an kafa turke a gurbin kowanne, an kuma shimfiɗa tsakuwa a hanyar famfon don takalmi ya daina ɗaukar laka. Fangalin da aka girbe zai karɓi wake a zagaye mai zuwa, kabeji kuma zai koma fangali na uku, wanda aka riga aka fasa taurinsa aka barbaɗa masa farar ƙasa. Tsohon fangalin yana ɗauke da albasa a shekararsa ta biyu ta hutu, kuma yayata ta rubuta a littafin lambunta ranar da za a sake gwada tsaminsa.